Sallama Uku a Ƙofar Sito

Assalamu alaikum Gwaggo Murja. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana.

Abin ya faru ranar Talata, 14 ga Oktoba, da misalin ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe, a siton hatsin ƙanen mahaifina, Baffa Sa'idu, a Dutsin-Ma. Ina zaune kan buhun masara, fuskata tana kallon ƙofa, iyafis a kunnuwana biyu. Na faɗi yadda nake zaune ne saboda daga nan matsalar ta taso.

Ni ɗan Wurma ne ta ƙaramar hukumar Kurfi. Bana na gama digiri a fannin kimiyyar ƙasar noma. Wata jami'a a ƙasar waje ta ba ni gurbin digiri na biyu da tallafin karatu na shekara biyu, da sharaɗin in ci jarrabawar ƙwarewar Turanci. Zan rubuta ta a Kano ranar 15 ga Nuwamba. Rubutu da magana ba su cika ba ni tsoro ba. Sauraro da karatu ne suke hana ni sukuni. A ɓangaren sauraro ana kunna muryoyin Turawa na kusan rabin awa, sau ɗaya tak, kana ji kana amsa tambaya arba'in. Ba a tsayarwa, ba a maimaitawa.

Na zauna a Dutsin-Ma saboda a nan ake samun sabis da wurin caji. Da rana ina taya Baffa tsaron sito, idan ba ciniki sai in yi gwaji. To kin san bakin kasuwa. Duk wanda ya wuce sai ya yi sallama, kuma ba a taɓa koya min in ji sallama in yi shiru ba. Sai in tsayar da muryar, in cire iyafis, a yi ina kwana, ina gajiya, ya mutanen Wurma, ya muka ji da tsadar taki, sannan in koma baya kaɗan in ci gaba. A haka nake samun talatin da biyu ko da uku, har na fara jin daɗi. Da wani abokin karatuna, Zubair, ya ga yadda nake yi, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, a ɗakin jarrabawa wa zai tsaya maka ka gaisa da mai goro?" Ya karɓe wayar ya kunna min ɗaya daga farko har ƙarshe. Na samu sha tara.

Shi ya sa a wannan Talatar na yi niyyar ko me zai faru ba zan tsayar ba. Na ƙara sauti har ƙarshe. Wata Baturiya ce take bayanin yadda ake rajista a ɗakin karatu, tana magana da sauri, ni kuma idan ina sauraro da gaske idona yakan kafe wuri ɗaya, ba na ganin komai. A daidai lokacin Malam Rabo ya zo.

Malam Rabo aminin marigayi mahaifina ne, shi ya raɗa min suna. Ya shigo gari sayen maganin shanu, Inna, mahaifiyata, ta ba shi saƙo ya kawo min: ƙuli-ƙuli da dakakken yaji a ƙulle cikin leda. Mai shayin da ke gefenmu ya ce ya tsaya a ƙofa ya yi sallama sau uku, yana ɗan jira tsakaninsu, ni kuwa ina kallonsa ido buɗe. Bayan ta ukun ya juya, ya ajiye ƙullin wurin mai shayi, ya ce a ba "ɗan boko idan ya sauko". Gwaggo, na rantse ban gan shi ba. Na san akwai wata inuwa a ƙofa, na ɗauka ɗan dako ne. A gwajin nan na samu ashirin da shida, mafi kyau da na taɓa yi ba tsayawa, har na yi murna kafin mai shayi ya leƙo.

Na bi shi tasha, motarsu ta riga ta tashi. Na kira shi a waya da yamma na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai, ai karatu ne. Allah Ya ba da sa'a." Bai tambaye ni lafiya ba, bai tsokane ni da zancen aure ba kamar yadda ya saba, ya kashe.

Inna ba ta da waya, da ta ƙanwata Hasana take kirana duk Juma'a bayan an sauko masallaci. Tun daga wannan Talatar ba ta kira ba. Idan na kira, Hasana ce take ɗauka, ta ce Inna tana gona, ko tana salla. Da na matsa sai ta ce, "Yaya, cewa ta yi Turawanka suna magana, kada mu katse su." Tana dariya ta faɗa, amma ban san da wace murya Inna ta faɗa ba.

Yanzu na rasa duka biyun. Iyafis ɗaya nake sawa, ɗayan kunnen yana jiran sallama, idona yana ƙofa. Makina ya koma ƙasa da ashirin. Karatun ma haka. Dama yadda na koya a makarantar allo nake karanta komai, da yatsa, leɓe yana motsi, ba na barin layi sai ya zauna min, shi ya sa lokaci yake ƙarewa ina kan labari na biyu cikin uku. Yanzu kuma sai in karanta sakin layi kan kifayen teku, in ɗago in ga ban san me na karanta ba, hankalina yana Wurma. Lokacin roron wake ne. Na san da hantsi Inna tana tsakar gida tana ɓarar wake a faifai, tana yi wa awaki faɗa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, tana ce wa Hasana hannunta ya fi bakinta nauyi. Kullum ina jin muryoyin mutanen da ban sani ba, suna zancen jirgin ƙasa da hayar ɗaki, har na fara gane wanda yake haɗiye ƙarshen kalma. Muryar da nake so in ji ko ta minti ɗaya ce, ko da faɗa za ta yi min, ita ce ba na samu. Yajin da ta aiko ban iya buɗe shi ba.

Akwai abin da ya kamata in ƙara don bayanin ya cika. Inna ta san ina shirin wata jarrabawa, amma ban gaya mata ta tafiya ƙasar waje ba ce. Na bari sai na ci, don kada in tayar mata da hankali a kan abin da bai tabbata ba. Baffa Sa'idu kaɗai ya sani a dangi.

Zubair ya ce in daure sai bayan jarrabawa, iyaye ba sa riƙo. Baffa ya ce in yi abin da na ga ya dace. Idan na tafi gida zan rasa kwanakin gwaji, sabis ɗin intanet a can sai an hau tudu, kuma hanyar ba a son binta da yamma, dole in kwana. Idan na zauna, zaman ba ya amfana min komai.

Ga abubuwan da har yanzu ban sani ba. Ban san me Malam Rabo ya gaya wa Inna ba, ko ma ya gaya mata ne ko a bakin direba ta ji. Ban san ko shirunta fushi ne ko sarari take ba ni ba. Ban san ko Baffa ya haɗu da Malam Rabo a kasuwa ranar, ya yi masa zancen tafiyar ba, na kasa tambayarsa. Kuma ban san yadda shekara biyu a bayan teku za su yi mana ba, tunda rabin awa ta yi haka.

Naki,
Mai jiran kira, daga Dutsin-Ma

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka tafi gida. Ka kama motar safe cikin makon nan, ka kwana ɗaya ko biyu, ka dawo. Kwanakin da kake tsoron rasawa ka riga ka fara rasa su a kan buhun masara, kunne ɗaya yana Turai ɗaya yana ƙofa.

Ba ka yi laifi da gangan ba, na yarda. Amma ka tsaya a inda Malam Rabo ya tsaya. Dattijo ya ɗauko saƙo tun daga ƙauye, ya yi sallama uku kamar yadda addini ya koyar, yaron da ya raɗa wa suna yana kallonsa bai motsa ba. Ya juya bai yi hayaniya ba, ya ma bar maka saƙonka. Shi ma bai yi laifi ba. Inda ka gaza shi ne da ka ɗauka waya za ta wadatar. Ba a ba irin su Malam Rabo haƙuri a waya. Ka sayi goro, ka fara sauka a ƙofar gidansa, ka cire takalmi ka durƙusa. Bayan kun gaisa, ka roƙe shi ya bari ka sa masa iyafis ɗin nan da sautin da ka sa ranar, ka matsa gefe ka yi masa sallama. Idan bai amsa ba, ka bar shi ya yi dariyarsa. Da bakinsa zai gyara maka suna a gari, ya fi duk bayanin da za ka yi.

Zubair ya yi gaskiya a kan tsayar da murya, ka gode masa. A kan iyaye kuwa bai san abin da yake faɗa ba tukuna.

Maganar gwaji mai sauƙi ce. Bakin sito ba wurin sauraro ba ne, kuma mutanen da ke gaishe ka ba su da laifi. Mutum yana salla a yi masa sallama bai amsa ba, ba wanda yake jin haushi, domin kowa yana ganin abin da yake yi. Kai kuma an gan ka zaune kana kallon ƙofa. Ka nemi Baffanka ya ware maka awa ɗaya da safe kafin kasuwa ta cika, ka shiga ɗaki ka rufe, ko ka tafi laburare. Gwaji ɗaya cikakke a rana, kunne biyu, ba tsayawa. Tambayar da ta wuce ka, ka bar ta ta tafi, ka tari ta gaba. Daga baya ka sake saurare a natse ka ga inda ka zame. Kafin ka tafi Wurma ka sauke guda biyu ko uku a waya ka cika caji, ƙarƙashin bishiya a gona ya fi sitonku shiru.

Karatun allo ya ba ka haƙuri da kiyayewa, kada ka raina shi, amma wannan jarrabawar ba hadda take nema ba. Ka fara karanta tambayoyin, sannan ka shiga labarin kana neman amsarsu, kamar yadda Baffanka yake zura hannu cikin buhu ya san hatsin ba tare da ya ƙirga ƙwaya ba. Ka sa agogo, kowane labari da rabonsa, lokaci ya cika ka wuce ko ranka bai so ba. Ka rufe baki, ka ɗauke yatsa. Wanda ya samu ashirin da shida ba tsayawa, yana da sauran makonni a gaba, bai kamata ya fid da rai ba.

Yanzu babbar maganar, wadda ka ajiye can ƙasan wasiƙarka kamar ƙarin bayani. Ba zan iya gaya maka abin da Inna ta sani ba. Amma na daɗe ina karanta wasiƙun iyaye mata, kuma ban cika ganin uwar da ta daina kiran ɗanta saboda sallamar wani ba. Ina kyautata zaton ta ji zancen tafiyar, kuma ta ji shi a bakin da ba naka ba. Ko da ba ta ji ba, niyyarka ta rage mata damuwa ta jawo an yanke shawara a kan shekara biyu na rayuwarta ba da ita ba. Baffa ya sani, jami'ar Turawa ta sani, ga shi ni ma na sani.

Idan ka isa, ka bari Hasana ta ba ku wuri. Ka zauna a ƙasa kusa da ita, ka gaya mata komai: ƙasar, tsawon lokacin, ranar jarrabawa, da cewa za ka iya faɗuwa. Ka faɗa a matsayin mai neman izini. Idan ta yi faɗa, ka sunkuyar da kai. Idan ta yi kuka, kada ka yi saurin jero mata amfanin digiri na biyu. Wataƙila ba za ta amsa maka a ranar ba, kada ka matsa. Ka roƙi addu'arta a kan jarrabawar kawai, maganar tafiya ku ci gaba da yin ta tare har sakamako ya fito.

Allah Ya buɗe maka kunne da basira, Ya sanyaya zuciyar Inna, Ya kai ka Wurma lafiya Ya dawo da kai lafiya. Ka gaishe min da ita.

Gwaggo Murja