Hannun Saley

Parakou, 4 ga Maris 1979

Yaya Sanoussi,

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, kada ta damu.

Kamiyon kamfaninmu, babbar motar kaya, ya kife a hanyar Djougou. Saley direba ya karye a hannu, mutum uku suka rasu. Ina bayansa da tawa motar, ni na jawo gawarwakin daga ƙarƙashin buhunan auduga.

Kwamitin ma'aikata ya ba Saley hutun wata guda. Likita da liman suna zama suna sauraronsa, har romo ake kai masa! Ni kuwa shef, shugabanmu, ya ce, "Kamarad, kai namiji ne," ya miƙo mini makullin mota in koma aiki.

Har yau nama ba ya shiga bakina. Allah ya yafe mini, Yaya, da ma hannuna ne ya karye.

Ƙaninka,
Saidou