Kunun Inna Tabawa Ba Shi da Laifi

Assalamu alaikum Edita da masu karanta wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada a yi saurin yanke mini hukunci, na riga kowa yankewa.

Ni nas ne a wani ɗakin shan magani tsakanin Dayi da Malumfashi. Ni kaɗai ne a wurin, ni ne mai allura, ni ne mai wankin miki, ni ne mai shara. Mutane suna kirana Likita, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Abokan hirata rediyo da tsofaffin littattafan makaranta, su kuwa ba sa amsa tambaya.

Shekara uku ke nan, ana cikin cirar auduga, aka dawo da wani dattijo manomi daga asibiti a Zariya, zan kira shi Malam Sule. Ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya haɗiya, aka zura masa siririyar roba ta hanci har cikin ciki, ta nan matarsa Inna Tabawa take ɗura masa kunu da sirinji. Wata safiya ya fizge robar, aka aiko kirana. A makaranta sau ɗaya muka ga robar nan, a hoto, a shafin da malaminmu ya ce ba zai fito a jarrabawa ba. Ya yi gaskiya, a ɗakin Malam Sule ya fito. Me ya hana ni cewa ban iya ba? Na zura ta kamar na shekara goma ina yi, sai Inna ta ce, "Likita, a Zariya sai sun tashe shi zaune, su zuƙo da sirinji su duba, su ɗora abin sauraro a cikinsa, sannan su zuba." Ƙannensa biyu suna bakin ƙofa suna kallona. Matar da ko aji ɗaya ba ta shiga ba ce za ta koya mini aiki a gaban maza? Na yi murmushi na ce, "Inna, kowane asibiti da tsarinsa. Miƙo kunun." Ta miƙo. Ina zubawa ya ƙware, ya yi ta tari har idanunsa suka kaɗa. Na zare robar na ce a kai shi Funtuwa. Kwana biyar ciwon huhu ya tafi da shi.

Daga baya na aro littafi wurin wata sista 'yar kudu a Funtuwa. Ashe robar takan ɓata hanya ta faɗa huhu. Abin da Inna ta faɗa shi ne a rubuce, sai dai nata ya fi gajarta. Bara ofis ya aiko takarda yana tambayar wane kwas muke buƙata. Na rubuta robar hanci, na goge don kada a tambaye ni dalili, na rubuta ajiyar magani.

Duk shekara idan masara ta nuna Inna takan kawo mini, wai na yi wa mijinta ƙoƙari. Makon jiya da ta ajiye ba ta tafi ba, ta zauna a benci ta ce, "Likita, tsakaninka da Allah, kunun nan ne ya yi kauri ko? Ranar sau ɗaya na tace shi. Tun da ya rasu ban sake dama kunu ba." Na ce, "Inna, kwanansa ne ya ƙare." Ta ce, "Haka kowa yake ce mini. Kai ne mai ilimin, shi ya sa na tambaye ka. Ka duba littafinka, zan dawo ran kasuwa."

Wa zan tambaya a nan, kowa ni yake tambaya? In na faɗa mata, ban san da idon da zan sake kallon mutanen garin nan ba. In na yi shiru, tsohuwar nan za ta ci gaba da ɗaukar kayan da nawa ne har kabarinta. Masarar tana nan a lungu, na kasa gasa ko guda. Jibi ne kasuwa.

Me zan yi?