Daddawar Yaya A'i

Litinin, 3 ga Janairu, 1972
Alhazai sun fara sauka a Jidda. Garba, ɗan maƙwabcinmu na Gumel, ya nemo ni har shagon ɗinkina a Ammariyya da saƙon Yaya A'i: kuka da daddawa, ƙulle a tsumma. Shekara ashirin da huɗu rabona da ita da miyarta, tun ina ɗan tara Baba ya riƙo hannuna muka biyo ta Sudan. Na miƙa wa matata Mastura ƙullin, na ce gobe za ta ga abinci, ba salig ɗin nan nata ba, shinkafa da madara da romon kaza kamar abincin majinyaci.

Talata, 4 ga Janairu
Ta zubar da daddawar. Wai ta kwance ta ji wari, ta ɗauka ruɓewa ta yi a jirgi. Ita da uwarta duk a nan aka haife su, ina za ta sani. Amma raina ya riga ya ɓaci. Na ce Bahaushiya ce a suna kawai, shekara goma sha ɗaya ina cin girkinta don dole. Ko hawaye ba ta yi ba. "Halas," ta ce da Larabci, wato shi ke nan. Ta ɗauki mayafi da yara, sai gidan babanta.

Alhamis, 6 ga Janairu
Ba zan je biko ba. Ni aka yi wa laifi.

Asabar, 8 ga Janairu
Hamad, wan Mastura, ya zo shago, ya ƙi zama. Wai in ban je ba kafin hawan Arfa, in aika mata da takardarta. "Don dole, ya Ubale? Shekara goma sha ɗaya?" Na ci gaba da taka keke har ya fita.

Lahadi, 9 ga Janairu
Ashe Garba na da tasa daddawar a guzuri, ya ba ni curi biyu. Na kai wa Iya Luba mai waina tare da kukar. Ita da girmanta ta baro Haɗeja, ta san hannu. Har dawa ta samo. Gobe za a san wanda ke da gaskiya.

Litinin, 10 ga Janairu
Mun zauna cin tuwon Luba da Garba. Loma ɗaya na kai, ta tsaya a maƙogwaro. Yauƙi, ga warin nan. Da ƙyar na haɗiye da ruwa. Shi kuwa yana suɗe yatsu, wai sak hannun Yaya A'i, kamar ita ta kaɗa. Na ce cikina ne ba daɗi.
Ruwan Jidda ne ya ɓata ta. Ko Luba ta tsufa.

Talata, 11 ga Janairu
Na sake gwadawa da ɗumame, ni kaɗai, ƙofa a rufe. Bai ciwu ba. Ni da ina yaro nake kokawa da ƙannen Inna a kan ƙanzon tukunya, ni da na yi kuka a tashar jirgin ruwa ta Sawakin ina kiran miyar nan. Haushi nake ji, kuma ban san na wa ba. Baba da ya ɗauko ni yana kabari. Na ba kuliyoyin lungu, su ma suka shinshina suka wuce.

Juma'a, 14 ga Janairu
Na rubuta wa Yaya A'i cewa miya ta yi daɗi, na cinye tas. Garba zai kai.
Bayan masallaci na sayi kaza da madara. Na bi ta layin surukina, don ya fi inuwa. Mastura ce ta leƙo. Ta dubi abin da ke hannuna, ta daɗe.
"Na majinyaci?" ta ce.
Na ce eh.