Ɗiyar Fari a Lilon Maradi

Tasawa, 24 ga Yuni, 1985

Zuwa ga Yaya Zara'u, a Issawane.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da barka da Sallah, ina fata kina lafiya, ke da ɗan goyonki Zakari. Ko an ji labarin maigidanki Mahaman tun da ya yi kudu? Matata Safi tana gaishe ki.

Na rubuto ne in ba ki labarin ɗiyarki Lailatu. Wata takwas ke nan da kika kawo mana ita saboda fari, kuma ba ta taɓa kwana da yunwa ba.

Kashegarin Sallah, kumandan da nake yi wa sakatare ya ɗauki iyalinsa zuwa Maradi, ya ce in taho da nawa. Wasu 'yan kasuwa ne suka kafa filin wasa a gefen gari, suka kewaye shi da shingen waya, soji biyu a bakin ƙofa suna duba tike. Ban taɓa ganin cunkoso irinsa ba. Injin wuta yana ta ruri, amsa-kuwwa tana ta kiɗa, ga masu tsire, ga masu ƙanƙara mai zaƙi. Akwai ƙananan motoci da yara ke tuƙawa suna karo da juna da gangan. Safi ta shiga ɗaya, ɗan kumandan ya buge ta ta baya har ɗankwalinta ya faɗi, ta fito tana cewa, "Wallahi gara jakin gidanmu, shi ko ba komai yana jin tsawa."

Babban abin shi ne wani lilo mai kamar ƙaton gare a tsaye, da kujeru goma sha biyu. Yana ɗaga mutum sama da tsawon giginya, ya sauko da shi. Mun yi kusan awa guda a layi kafin Lailatu ta hau. Ga hotonta nan da aka ɗauka kafin ta hau, da sabon ɗinkinta.

Tun da ta sauko dai ba ta cika magana ba, abinci ma sai an matsa mata. Safi ta ce jiri ne, zai wuce.

Wata magana kuma. A watan Oktoba ina so in sa ta lakwal, wato makarantar boko, a nan. Tana da kai. Ina ganin zamanta a wurinmu ya fi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ƙanenki, Abdulmumini

Issawane, 4 ga Yuli

Zuwa ga Mumini.

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa. Mushe Yahaya malamin lakwal ne ya karanta mini takardarka, shi ne kuma ke rubuta wannan. Na ce kada ya gyara mini magana. Mahaman shiru har yau.

Mumini, tun watan da saniyarmu ta ƙarshe ta faɗi na aika maka cewa mun bar Issawane mun yi Maradi. Wata huɗu muna kwana a bukkar kwali a bayan gari, ba ka rubuto ba. Ranar Asabar ta bayan Sallah soji suka loda mu a kamyo, babbar motar kaya, suka dawo da mu gida, wai mu zo mu yi shuka. Ko mako ban yi ba sai ga takardarka, da sunan Issawane a bayanta. Wa ya gaya maka na dawo?

Ba sai ka ba ni labarin lilo ba. Ina wurin.

Kiɗa muka ji muka bi, mu da yawa, don wani lokaci masu tsire sukan watso gutsuren burodi ta kan waya. Ina tsaye kusa da wata bishiyar bedi, Zakari a bayana. Na ga atamfa mai ruwan ganye tana hawa sama. Tun kafin in ga fuska na san zaman nan, yadda take maƙale ƙafa ɗaya a bayan ɗaya. Da kujerar ta kai can ƙoli, ta leƙo, muka haɗa ido.

Ka san ɗiyar fari ce. Shekara tara ban taɓa kama sunanta ba, ban taɓa zuba mata ido a gaban mutane ba. Na ja mayafi na sunkuyar da kai, kamar yadda na saba. Na ce a raina ai kawunta na nan, zai kira ni. Na ɗago na neme ka, na same ka, taku ashirin tsakaninmu, kana riƙe da kwalbar lemu kusa da mai kaki. Ka dube ni, Mumini. Ka dube ni sosai. Sannan ka juya ka gyara wa ɗan mai kakin hula.

Ba jiri ke damunta ba.

An yi ruwa sau biyu, na shuka geron da aka raba mana. Alkawarinmu zuwa saukar ruwa ne. Ka maido mini ta wurinka.

Ka gaida Safi, na gode mata da ɗinki.

Yayarka, Zara'u

Tasawa, 15 ga Yuli, 1985

Zuwa ga Yaya Zara'u.

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso. Na yi farin ciki da labarin ruwa.

Ba zan yi miki gardama ba. Na gan ki. Zan faɗa miki yadda abin ya kasance, ki yi mini hukuncin da kika ga dama.

Kumandan yana tsaye a kafaɗata. Ya nuna mutanen da ke bayan waya da sandarsa, ya ce wa matarsa, "Dubi waɗannan. An ce su koma gida, sun fi son roƙo. Gobe za a kwashe su duka." A nan na san za ki dawo Issawane. Ya juyo gare ni ya ce, "Sakatare, ba mutanen yankinku ba ne?" Na ce, "Ban sani ba, mon kumandan." Abin da na faɗa ke nan. A watan jiya mutum uku aka sallama daga biro, wato ofishinmu, ba tare da an ce musu ga laifinsu ba. Daga albashin nan Lailatu take ci. Ban kawo wannan don in wanke kaina ba, na kawo ne don ki san abin da ke kaina a lokacin.

Amma Yaya, ba ni take kuka da shi ba. Bayan kwana goma Safi ta same ta a bayan ɗaki ta lallashe ta har ta yi magana. Ta ce, "Inna ta gan ni ta rufe fuska. Na ɗaga mata hannu sau uku, duk hawan da lilo ya yi, ba ta duba ba." Safi ta ce, "Haba ɗiyata, ƙila wata ce mai kama da ita." Ta ce, "Baba Safi, ko ban san Inna ba, ai na san zanen goyon Zakari. Da shi aka goye ni."

Na san al'ada, a gida ɗaya muka tashi. A Issawane abin yana da sauƙi, don in uwa ta kau da kai akwai kaka, akwai gwaggo, akwai mai janyo yarinya jiki ta ce mata kunya ce kawai. Yanzu kakarta ta rasu, gwaggonninta sun watse. Yarinya ta yi wata takwas ba ta ga uwarta ba, ta hango ta daga sama, uwar ta ja mayafi. Me kike so ta fahimta? Da kin kira, da ta amsa, da ni ma ba ni da mafita sai in zo.

Na tambaye ta maganar komawa. Ta ce ba ta zuwa.

Shukarki ba ta kai gwiwa ba, rumbunki babu komai. Ki bar ta har kaka, mu ga abin da Allah zai yi.

Ki huta lafiya.

Abdulmumini

Issawane, 26 ga Yuli

Mumini, sallama.

Sau biyu na sa Mushe ya karanta mini, don na ɗauka kunnena ne. Ashe laifin nawa ne. To madalla. Karatu ya yi rana.

Mu biyu muka yi shiru a ranar, gaskiya ne. Ni na sunkuyar da kai don ita tawa ce. Kai ka juya baya don ni taka ce. Kada ka haɗa su a ƙwarya ɗaya.

Ni ma ɗiyar fari ce, ko ka manta? Har Inna ta koma ga Allah "ke" take ce mini. Kai kuwa Mumini da safe, Mumini da rana. Amma wa take ajiye wa ƙanzon tuwo a ƙarƙashin faifai? Ranar da na faɗa rijiyar lambu, wa ya shiga da zane da komai, ba ta jira igiya ba? Ko a lokacin ba ta kira ni ba, shiga ta yi. Kuma ni na goye ka zuwa lakwal shekarar da kurkunu ya kama maka ƙafa, kana bayana kana bitar faransanci a kunnena.

Ka ce babu kaka babu gwaggo. Kai fa? Kawu ba bakinsa gare shi ba? Magana ɗaya ce: uwarki kunyarki take ji, ni take jira in kira ta, ban kira ba. Ka faɗa mata haka? Na san ba ka faɗa ba, don sai ka fara da cewa kai ma ka gan ni. Ka bar yarinya tana kwana da wannan abu a ciki wata guda, don kada girmanka ya zube a idonta.

Rumbuna babu komai, na sani. Muna cin tafasa da ɗan garin da ake rabawa. Ba za ta yi ƙiba ba. Amma ba zan yarda ta girma tana cewa uwarta ta ƙi ta ba.

Ga wata 'yar takarda na sa a ciki, tata ce. Mushe ya ce in faɗi sunan da zai rubuta a kai, na ce ya bar wurin, ka san mai ita. Ka karanta mata. Akwai kuma ƙullin ƙanzo, ɗan kaɗan ne, ka ba ta a hannunta ka ce daga ƙarƙashin faifai ne.

Ina jira.

Zara'u

Tasawa, 9 ga Agusta, 1985

Zuwa ga Yaya Zara'u.

Assalamu alaikum, tare da fatan alheri.

An yi wa kumandan canjin wurin aiki zuwa Bilma, kuma ya nemi a haɗa shi da ni. Ba a tambaye ni ba. Mota za ta ɗauke mu ranar Alhamis, 15 ga wata, da safe. Hanyar doguwa ce, sai an bi ta Agadas a ratsa rairayi, kuma ban ga alamar hutu kafin shekara biyu ba.

Na ba ta ƙanzon. Ta karɓa ta ajiye a akwatinta, ba ta ci ba. Takardar ban karanta mata ba tukuna. Kwanan nan ta fara sakewa, tana wasa da yaran maƙwabta, ban so in tayar mata da hankali. Zan karanta mata idan lokaci ya yi.

Na sake tambayarta a gaban Safi, da mu za ta tafi ko gida. Ta ce, "In Inna na so na, ta zo ta kira ni da bakinta."

Maganarta ce, ban ƙara komai ba. Idan kin iso kafin Alhamis kika kira ta ta bi ki, ba zan hana ba. Idan ba ki zo ba, zan ɗauka kin amince.

Zan ba direban motar da ke shiga wajenku wannan takarda.

Ki yafe mini abin da kike iya yafewa.

Abdulmumini

Tasawa, Alhamis

Mumini.

Wani mai rubutu a bakin gidan waya ke rubuta mini. Ya ce takarda tana zuwa Bilma ko da za ta daɗe.

Ka san motar nan ranar Laraba kaɗai take shiga wajenmu. Jiya da azahar aka miƙo mini takardarka. Na goya Zakari na taho da ƙafa, na kwana a hanya. Na iso gidanka rana ta take tsaka. Na tarar da kwaɗo a ƙofa, da sawun taya a cikin laka, ko bushewa bai yi ba.

Na tsaya a ƙofar na kira ta. Lailatu. Sau uku, da ƙarfi, har maƙwabtanka suka fito. Wata tsohuwa ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Na ce ɗiyata ta fari. Ta riƙe baki.

Ta ce in zo in kira ta da bakina. Na zo, na kira. Saura ka faɗa mata.

Allah ya kai ku lafiya.

Zara'u