Na yaudari mijin yayata da matattun robobi, yanzu zai kama bijimi

Salamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci.

Ina da ɗan wurin motsa jiki a Roumdé Adjia, a nan Garwa. Ba ni da ƙarafa da yawa, da robobin ja nake aiki, waɗanda muke kira elastik. Jar roba mai laushi ce, baƙa mai tauri, in mutum ya ƙara ƙarfi sai a haɗa masa biyu ko uku. Mijin yayata, wani Alhaji mai shagon atamfa, ya zo da tumbinsa wai likita ya ce ya rage. Ranar farko ya ɗaga jar da yatsa biyu kamar ya tsinci ƙazanta, ya ce, “Kai, da wannan igiyar wandon kake ci da iyali? Ba ni ta maza.” Na ba shi baƙa ɗaya sabuwa. Wallahi ko gwiwar hannu bai lanƙwasa ba, sai nishi! Amma bakin bai mutu ba, wai robata ce ta bushe.

Haushi ya kama ni. Akwai tsofaffin baƙaƙe da zafi ya kashe, sun saki, ina shirin zubarwa. Ɗaya daga cikinsu na ba shi. Ya ja, ta biyo shi kamar taliya. Bayan sati biyu na ƙara ta biyu, yanzu huɗu yake ja, ni da nake wannan aiki shekara da shekaru uku ce iyakata. Ina tsaye ina cewa “Sai Alhaji!” ina dariya a ciki. Mutumin da hawa mashin ke sa shi haki, wa ya gaya masa ƙarfi na zuwa a wata biyu? Shi bai taɓa tambayar kansa ba?

To ga inda abin ya lalace. Ya sayo bijimi daga Ngawundere don layya, wani jibgege mai ƙaho. Ya rantse a gaban abokan kasuwarsa shi zai riƙe igiyar kai a kayar da shi, har ya ce wa mahauta ƙafa kawai za su kama. Na ce, “Yaya Alhaji, sa fa ba roba ba ne.” Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Hassada kake don na wuce ka.”

Jiya yayata ta kawo min abinci har wurin aiki, tana ta sa min albarka, wai na mayar mata da miji saurayi. Har yanzu raina shi nake, ba zan ɓoye ba, amma 'ya'yanta biyar shi ke ci da su. In na tona, ya san wata biyu ina mai da shi abin dariya, ba zan ƙara taka gidan ba. In na yi shiru, saura kwana shida ya tsaya gaban ƙahon nan da hannun da bai iya jan roba ɗaya.

Don Allah, me zan yi?