Kwanon Da Ke Da Suna a Gindi

Zuwa ga ƙanena Tokuji,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka a can Burazil. Kullum da safe in na kunna turare a gaban mutum-mutumin Buddha na gidanmu sai na roƙa muku lafiya. Mu ma lafiya lau, an gama yankan shinkafa. Inna Sumie kuwa ƙafafu ne kawai suka gaza, bakin yana nan daram.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Hannunsa ya fara rawa, yumɓu ba ya yi masa biyayya kamar da. Ka san al'adar garinmu, ɗa ɗaya ake bar wa matoyar tukwane, kuma in ba a hura tamu da kakar nan ba, ina tsoron ta huce ke nan. Na ce ya kira ka, ya ce wai shi ba zai roƙi mai taurin kai ba. Na ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai ya ja tsaki ya juya mini baya.

Na san ba ka manta ranar da ka zana sunanka a gindin kwanon yumɓun da ka gina ba, Baba ya rotsa shi a gaban mutane, yana cewa ƙasa da wuta suka yi aikin, kai wane ne da za ka sa suna. Ni ma na yi kuka ranar.

To, shekaranjiya ciwon baya ya kwantar da shi, sai ni na kai wa marigayiya Mama shinkafar da ake ajiye mata kullum gaban Buddha, aikin da bai taɓa bar wa kowa ba. Da na kifa kwanon zan wanke, sai ga sunanka. Ashe ya tsince gutsattsarin ya liƙe su da danƙo, a ciki yake zuba mata duk shekarun nan. Na tambaye shi, ya ce in rage sa ido, a wurin Buddha babu mai kyau babu mummuna, kuma Mama ta fi son ci daga hannun ɗanta.

Tokuji, ka zo gida, muna kewarka. Itacen gasa tukwane na nan a jibge, ya bushe. Sunan nan kuwa ya kusa shafewa, don a kansa Baba yake ɗora yatsa in ya ɗauki kwanon.

Ka gaida matarka Mitsue da ƙaramar Sayo. Inna Sumie da Baffa Kihei suna gaishe ku.

Yayarka,
Chizuru