Gemun Helge

Hunnebostrand, watan Fabrairu

Yayata Solveig,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Bertil da jikoki. Yaya gwiwar? Ina fata sanyin Umeå bai sake tayar da ita ba. Na gode da zuwanki jana'izar mijina Rune, da kwanakin da kika yi kina dafa mini abinci ina barinsa yana hucewa.

Kin ce in rubuto miki yadda nake. Ban san yadda nake ba. Ina tashi, in sha gahawa a tsaye, in tafi wurin aiki. Mutane suna riƙe hannuna a kanti suna hawaye, ni ina kallon bakinsu ina jira su gama. Har yanzu ban yi kuka ba. Ba daurewa nake yi ba, kukan ne babu.

Wurin sassaƙar dutse na Rune ya dawo hannuna, ni da ban san komai ba sai ofis. Likitan Rune ya ce ƙurar dutse ce ta ci huhunsa a hankali. Ya ce duk wanda ya yi aiki tare da shi a ɗauki hoton ƙirjinsa, a kuma duba abin da yake rufe hanci da shi. Shi ya sa na kira wata mata, Ylva, wadda aikinta ke nan, gwada takunkumi a fuskar ma'aikata.

Mutum biyu suka rage mana: Helge, wan Rune, da Mirsad, mutumin Bosniya da ke kan injin yanka. Kowannensu gemu har ƙirji. Ylva ta sa suka ɗaura takunkuminsu, ta kifa wa kowa wata jaka a ka, ta fesa wani abu mai ɗaci a ciki. In takunkumin ya kama fuska da kyau, ba a jin komai. Mirsad ko numfashi biyu bai ja ba ya fara tofar da yawu. Helge ya cije, idonsa na ruwa, wai shi bai ji ɗaci ba.

Ylva ta ce, "Dattijo, ai fuskarka ta riga ta faɗa."

Ya nuna ni ya ce, "Haka aka haife ni da ita. Tambayi Gunvor."

Ta ce robar takunkumi sai ta manne da fata. Gashi ko na kwana biyu ne yana ɗaga ta, ƙura ta bi ta gefe, kuma wadda ido ba ya gani ita ce mai kisa. Mai gemu hanya biyu gare shi. Ko ya riƙa aski kullum, ko ya sa hula mai rufe kai duka, wadda wata 'yar fanka a ƙugu take tace iska tana hura masa ciki.

Yaya, Rune bai taɓa fashin ɗaura takunkumi ba, kowace safiya, a kan gemunsa. Ina tsaye ina jin bayanin matar kamar ana karanta labarin yanayi a rediyo. Da ta gama na tambaye ta ko za ta sha gahawa.

Ki gaida Bertil. Kada ki aiko da komai, gidan cike yake da furanni.

Ƙanwarki,
Gunvor


Hunnebostrand, ƙarshen Maris

Yayata Solveig,

Ina gaishe ki da kyau. Wasiƙarki ta iso, na ji an sa miki ranar aikin gwiwa. Allah ya sa a yi a sa'a. Ni ina nan. Ƙanƙara ta narke a bakin teku, an fara fito da jiragen ruwa.

Ylva ta kawo huluna aka gwada. Akwai mai laushi kamar ta yadi, ba nauyi, amma ba ta tare tsakuwa in ta fantsamo. Akwai mai kwalkwali da gilashi a gaba. Mirsad ya ɗauki mai kwalkwali, ya tura gemunsa ciki, ya ce, "Gemuna dai ba na aski ba ne, tsakanina da Ubangijina ne. Amma ko tukunya kuka ce in kifa a ka, zan kifa."

Helge ya dube shi ya ce, "Sannu, ɗan sama jannati. Yaushe za a tashi?"

Mirsad ya ce, "Gara in tafi sama da a kai ni ƙasa."

Sai suka tuna ina tsaye, suka yi tsit. Ni ban ji komai ba. Na so ma su ci gaba.

Helge ya sa tasa ya cire. Ya ce ƙarar fankar tana toshe masa kunne, shi kuwa da kunne yake sassaƙa, yana jin dutse kafin ya tsage. Ya ce gilashin yana ɗaukar ido, ɗamarar batirin kuma tana danna masa bayan da dama ciwo yake yi. Ba ƙarya yake ba, na sa na ji.

Ban gaya miki ba, dutsen kabarin Rune yake yi. Ya hana a sa inji, ya ce da hannu zai fitar da sunan ƙaninsa. Washegari na same shi a kai, da tsohon takunkuminsa a kan gemu, ƙura ta yi masa fari har gira. Na ce ya ajiye guduma. Na ce in ba zai sa hula ba, to ya yi aski.

Ya ajiye gudumar. Sannan ya ce, "Kin manta abin da suka yi masa a asibiti?"

Ban manta ba. Ke ba ki iso ba lokacin. A makonsa na ƙarshe sun aske Rune tas, don abin iskar da suka sa masa ya kama fuskarsa. Da na shiga ɗakin har na buɗe baki zan ba da haƙuri, na ɗauka na ɓata ƙofa. Tunda na aure shi ban taɓa ganin haɓarsa ba sai ranar.

Helge ya ce, "Kin san kamarmu ɗaya. So kike kullum in tashi in ga wannan fuskar a madubi? Ke ma ki riƙa ganinta a nan?"

Na ce, "To ka sa hular."

Ya ce, "Ba na jin dutsen, Gunvor."

Na ce, "To ba ni makullin wurin aikin."

Muryata ko rawa ba ta yi ba, kamar ina neman aron cokali. Ya ciro makullin ya ɗora a kan dutsen, ya ɗauki rigarsa ya fita. Bai dawo ba har yau. Dutsen yana nan a jingine, harafi biyu kawai aka fitar. Mirsad ya lulluɓe shi da tamfol, na ce ya buɗe, ba ya damuna.

Ki kula da kanki.

Taki,
Gunvor


Hunnebostrand, watan Mayu

Yayata Solveig,

Barka da fitowa asibiti. Bertil ya ce har kin fara takawa da sanda. Ki bi a hankali, na san halinki. Ina gaida kowa.

Sakamakon hoton ƙirji ya fito. Na Mirsad lafiya lau. Helge da kansa ya zo gida ya gaya mini nasa. Ya zauna a kicin, na ba shi gahawa da burodin kirfa, ya cinye, sannan ya ce, "Cutar ta fara. Ba ta yi nisa ba, amma ta fara." Likita ya ce ya bar aikin ƙura. In ya bari yanzu, zai iya jan shekaru.

Na ce, "To." Shi ma ya ce, "To." Muka zauna muna kallon taga.

Da zai tafi ya ce abu ɗaya yake roƙo, in bar shi ya ƙarasa dutsen. Na kira Ylva. Ta samo wata hula mai fanka marar ƙara sosai, da maɗauri da ake ratayawa a kafaɗa maimakon ƙugu. Ta sa aka jawo ruwa yana ɗiga a bakin kurfin da yake sassaƙa da shi don ƙurar ta kwanta. Helge ya sa hular, gemun duka ya shige. Ya ce har yanzu kamar sauro ne a kunnensa. Amma ya ɗauki guduma. Na ga yana dafa dutsen da tafin hannu bayan kowane bugu, ya ce tunda an hana kunne, hannu zai ji.

Ya gama. Mun kafa shi ranar Asabar. Ya yi kyau, kowa ya faɗa. Na tsaya a gabansa na karanta sunan, na duba ko ya miƙe daidai, ya miƙe.

Yanzu ba mu da mai fitar da rubutu da hannu, don haka Helge yana koya wa Mirsad. Yana zuwa da hantsi, ya sa hularsa ba sai an ce ba, ya zauna a kujera ya harɗe hannu. Jiya na leƙa na same su, kawuna biyu cikin kwalkwali, suna ɗaga murya don su ji juna. Mirsad ya karkatar da harafi a kan wani guntun dutse.

Helge ya ce, "Kai, wannan rubutu ne ko sawun kaza? Ka koya da kyau, malam. Kai za ka rubuta nawa."

Mirsad bai ɗago ba. Ya ce, "Ai ka shiga uku, don ni kaina da tauri. Sai in shekara ashirin ban iya harafin farko na sunanka ba. Dole ka jira."

Helge ya ce, "Ɗan banza."

Na koma ofis na rufe ƙofa. Na ɗauki waya zan kira mai kawo mana dutse, sai na ga hannuna yana rawa, na kasa danna lambar. Na ajiye na zauna har ta wuce. Ban san ko mene ne ba, amma tun rasuwar Rune a watan Janairu wannan ne abu na farko da jikina ya yi ba ni na sa shi ba.

In ƙafar ta yi ƙwari, ki zo da bazara. Ki zo ki daɗe. Ina jin wannan karon zan iya magana.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Gunvor